Gawayin Gidanmu da Dajin da Yake Fitowa: Darasi Kan Raya Daji



Darasinmu na bana a kan itace ne. Na san wani zai ce, "Mu 'yan Kilomita Biyar ina ruwanmu da daji? Mu 'yan kasuwa ne, a tsakiyar Bangui muke, ko gona ba mu da ita." To, mu duba ajinmu tukuna. Allon da muka fara karatu da shi itace ne. Tawadar da ake rubutu da ita, da gawayi da ƙaro ake haɗa ta, shi kuwa ƙaro daga jikin itace yake fita. Benci, ƙofa, takardar wannan ɗan littafi, duk daga itace suke. Mu fita waje kuma: tuwon gida, shayin safe, burodin da ake gasawa a tanda, naman da ake gasawa bakin titi, jan bulon da ake ƙonawa a yi gini, babu wanda ba ya cin itace ko gawayi. Kun ga kenan kullum muna cin daji, ko da ba mu taɓa taka ƙafa cikinsa ba. Hausawa kuwa suka ce, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Za mu bi abin daki-daki: wane irin daji muke da shi, me yake yi mana, me ke cinye shi, yaya wasu suka yi suka dawo da nasu, sannan mu me za mu iya.

1. Dajin ƙasarmu

Faɗin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ya kai kusan murabba'in kilomita 623,000. Mafi yawanta fili ne mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi, inda ake samun kaɗanya, ɗorawa, maɗaci da tsamiya, kuma nan ne makiyaya suke bi da shanu. Kurmi mai duhu kuwa yana wuri biyu. Babba yana kudu maso yamma, wajajen Lobaye, Sangha-Mbaéré da Mambéré-Kadéï, kimanin hekta miliyan 3.8. Na biyu yana wajen Bangassou a kudu maso gabas, kimanin hekta miliyan 1.6. Ga wanda bai san hekta ba, fili ne mai mita 100 tsawo, mita 100 faɗi, wato ya ɗara filin ƙwallo kaɗan.

Wannan kurmi namu gefen arewa ne na babban dajin Kogin Kwango, wanda a duniya babu kurmin ƙasashe masu zafi da ya fi shi girma sai na Amazon. A cikinsa akwai gandun Dzanga-Sangha kusa da Bayanga, wanda aka keɓe a 1990. Can ne ake da wani fili a tsakiyar kurmi, Dzanga Bai, inda giwayen daji suke taruwa suna lasar gishirin ƙasa. A 2012 hukumar UNESCO ta sanya yankin, haɗe da maƙwabtansa na Kamaru da Kwango, cikin wuraren tarihi na duniya.

Bangui kanta a bakin kurmin take. Tsaunin Gbazabangui da muke hangowa a bayan gari keɓaɓɓen daji ne, haka nan dajin Botambi da ke kudu, bayan Bimbo. Ruwan saman da ke sauka a garinmu a shekara yakan kai kamar milimita 1,500, kusan ninki uku na abin da Maraɗi ke samu. Ku riƙe wannan lissafi, za mu koma kansa.

2. Me daji yake yi mana?

Na farko, yana riƙe ƙasa. Ɗigon ruwan sama in ya faɗo kan ganye, ƙarfinsa ya ragu kafin ya iso ƙasa. Busasshen ganyen da ke ƙasa ya tsotse shi, saiwa ta buɗe masa hanya ya nutse, ya je ya ciyar da rijiyoyi da ƙoramu har cikin rani. In babu itatuwa, ruwan sai ya daki ƙasa tsirara, ya kwashi jan turɓaya ya gangara da gudu. Wannan ƙasar ce take zuwa ta toshe magudanan ruwa a unguwanni masu kwari. Ambaliyar Kogin Ubangi ta Oktoba 2019, wadda ta raba dubban mutane da gidajensu, tana da dalilai da yawa, ba a ɗora ta kan sare itace kaɗai. Amma ruwan da ke gangarowa daga tsauni mai sanƙo ya fi na tsauni mai gashi sauri da ɓarna, wannan kowa ya gani da idonsa.

Na biyu, yana ciyar da gona. Wani abin mamaki shi ne, ƙasar kurmi ba ta da ƙarfi kamar yadda ake zato. Abincin shuka yana cikin itatuwan ne da ganyen da ke ruɓewa a ƙarƙashinsu. In aka sare aka ƙona, tokar takan ba da amfani mai kyau shekara biyu ko uku, daga nan ruwa ya wanke sauran, gona ta gaji. Shi ya sa manoman da suke barin gona ta huta shekaru masu yawa, daji ya sake rufe ta, kafin su dawo.

Na uku, abinci da magani. Ganyen koko da ake yankawa siriri-siriri a kasuwa, wata 'yar igiya ce mai hawa itatuwan kurmi, tana son inuwa. Makongo, tsutsar da ke cika kasuwanni wajajen Yuli zuwa Satumba, a kan wasu itatuwa sanannu take rayuwa, cikinsu har da sapelli, itacen da masu katako suka fi so. Ko kana cinta ko ba ka ci, gidaje da yawa a Lobaye da kuɗinta suke sayen littafan makaranta da sabulu, kuma a shagunan iyayenmu wani ɓangare na kuɗin yake ƙarewa. Ga zuma, ga naman daji, ga sassaƙe da saiwoyin da masu maganin gargajiya suke amfani da su.

Na huɗu, iska da sanyi. Ganye yana zuƙar iskar kabon da ke ƙara wa duniya zafi, ya gina jikin itace da ita, ya saki iskar da muke shaƙa. Kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne. Sannan itace yana jawo ruwa daga ƙasa ya sake shi sama ta ganye, abin da ke sanyaya wuri kuma yake taimakon haɗuwar girgije. Wanda ya taɓa baro tsakiyar kasuwa da azahar ya shiga gindin mangwaro, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

3. Me ke cinye shi?

Ku tsaya wata safiya a hanyar Mbaïki, ko a PK12 inda hanyar Damara da ta Boali suka rabu. Za ku ga samari suna turo amalanke, wadda muke ce wa pus, an lafta mata itace har ya fi mai turawa tsawo. Ga babura, ga motoci da buhunan gawayi. Wutar lantarkin da ke zuwa daga Boali ba ta isar gari, gas kuma ya fi ƙarfin yawancin gidaje. Don haka kusan kowace tukunya a Bangui da daji take dahuwa.

Mu yi ɗan lissafi, irin na aji. A ramin gawayi na gargajiya, sai an ƙona itace kilo 5 zuwa 10 kafin a sami gawayi kilo 1. Mu ɗauki 7. A ce, misali kawai, wani gida yana ƙona kilo 2 na gawayi kullum. A shekara kilo 730 kenan. A ninka da 7, ya ba mu kilo 5,110 na itace, sama da tan biyar, gida ɗaya tak. Gida ɗari irin wannan, tan 511. Yanzu kowa ya ƙirga gidajen layinsu.

Ban da gawayi akwai noma. Mutane sun ƙaru a kewayen gari, fili bai ƙaru ba. Gonar rogon da a da ake bari ta daɗe tana hutawa, yanzu tun itatuwa ba su kai ko'ina ba an dawo an sake sarewa. Sai wutar daji ta rani, wadda mafarauci ko manomi ko makiyayi ke cinnawa. Babban itace yakan jure mata, amma ƙanana takan cinye su ƙurmus. In aka yi ta maimaitawa, tofa ta mamaye wurin, ita kuwa tofa in ta kafu da wuya wani abu ya tsiro a cikinta. Akwai kuma masu injin yanka da ke shiga ba takarda, su zaɓi manyan itatuwa su tsaga katako. Sapelli kafin ya kai girman da ake sararsa yakan haura shekara ɗari. Injin kuwa ba ya ɗaukar ko awa ɗaya ya kwantar da shi.

A nan sai mu yi adalci. Mai turo pus daga nesa cikin dare ba mugunta ce ta fito da shi ba, abinci yake nema. Matar da ke ƙona gawayi a ƙauye 'ya'ya take ciyarwa. Mu masu saye ma muna cikin igiyar. In muna son gyara, sai mun nemi hanyar da za a ci gaba da girki, su kuma su ci gaba da samun na cefane, daji kuma bai ƙare ba. Wannan shi ake nufi da kula da daji mai ɗorewa: a ɗiba daidai gwargwadon abin da zai iya mayarwa.

Wanda yake ganin abin wasa ne, ya tambayi mahaifiyarsa yadda samun abin girki ya kasance a shekarun rikici, 2013 da 2014 da bayansu, lokacin da shiga da fita unguwarmu suka yi wuya. Tukunyarmu a ɗaure take da ƙauyukan da ke kewaye da mu, da kuma zaman lafiya tsakaninmu da su.

4. Darasin Maraɗi

Da yawa cikin kakanninmu daga ƙasar Hausa suka zo da fatauci, don haka wannan labari na gida ne. Bayan farin shekarun 1970, yankin Maraɗi a Nijar ya zama fili fayau. Iska na kwashe ƙasa, yashi na binne gero tun yana ƙarami, wani manomin sai ya yi shuka sau biyu ko uku a damina guda. Mata na yin tafiya mai nisa neman itace, wasu suka koma ƙona kara da kashin shanu, abin da ya kamata ya zama takin gona. An kashe kuɗi mai yawa wajen rainon itatuwa a leda ana dasawa, amma yawancinsu fari da awaki da gara suka gama da su.

A 1983 wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a yankin, ya lura da 'yan ƙananan kurmin ganye da ke warwatse a gonaki, waɗanda kowace shekara ake sassabewa a ƙona. Da ya duba da kyau sai ya ga ashe tohon kututture ne. An sare itacen, amma saiwarsa tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, mai zurfi, ta riga ta kai ga laima. Abin da kawai ya hana shi girma shi ne sara da ƙuna na kowace shekara.

Dabarar ba ta buƙatar komai sai wuƙa ko adda mai kaifi. Ga yadda take:

Manomi ya zagaya gonarsa ya zaɓi kututturan da yake son irinsu. A kowane kututture ya bar toho mafi ƙarfi da miƙewa, daga ɗaya zuwa biyar, ya yanke sauran. Ya rage rassan gefe har zuwa rabin tsawon tohon. Yankan daga ƙasa zuwa sama ake yi, don kada ɓawo ya yage. Ya ɗaura ɗan tsumma a jiki, alamar wannan mai shi yana so. Bayan 'yan watanni ya dawo ya sake gyarawa. Abin da ya yanke ya zama itacen girki ko abincin dabba. Tunda duk ƙarfin tsohuwar saiwa ya koma kan toho kaɗan, girman yana da sauri ƙwarai. Manoma suka sa wa abin suna sassabin zamani.

Da farko dariya aka yi wa waɗanda suka gwada, ana cewa gonarsu ƙazama ce. A yunwar 1984 aka haɗa aikin da rabon abinci, mutane da yawa suka bar itatuwa a gonakinsu. Da rabo ya ƙare, da yawansu suka sare. Amma waɗanda suka bari sun ga bambanci: iska ta ragu, ga itace a kusa, ga ganye na dabbobi cikin rani, ga abin sayarwa in shekara ta ɓaci. Daga nan maƙwabci ya riƙa koyo wurin maƙwabci. Sabara, kalgo, geza, aduwa, magarya da gawo suka dawo. Shi gawo abin al'ajabi ne: da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya yi kore ya ba dabbobi 'ya'ya.

Akwai wani abu da ya taimaka wanda ba a ganinsa da ido. A da, doka ta mai da itatuwa na gwamnati, manomi na iya shan tara a kan itacen da ke cikin gonarsa. Wa zai raini abin da ba nasa ba? Da aka sassauta, aka zo da dokar karkara ta 1993 da sabuwar dokar daji ta 2004, sai mutane suka fara jin cewa wanda ya raina shi zai amfana. A ƙauyen Ɗan Saga da ke yankin Agye, mutanen gari suka kafa kwamitin tsaron itatuwa, suka sa mata da makiyaya Fulani a ciki, suka yi dokokinsu da tararsu.

Da masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan suka gwada tsofaffin hotunan sama da sababbi, suka ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar, musamman Maraɗi da Damagaram, da itatuwa kusan miliyan 200. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, a shekara ɗaya da Yakuba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya raya daji a kan busasshiyar ƙasa ta hanyar haƙa ramuka yana zuba taki.

To, in ƙasar da ruwanta bai kai rabin namu ba ta iya wannan, mu mene ne uzurinmu?

5. Amma Bangui ba Maraɗi ba ce

Kada wani ya je ya kawo gawo ya dasa a Bimbo. Gawo ɗan ƙasar rani ne. Dabarar za mu ɗauka, mu yi ta da itatuwan nan. A wurinmu kututture ya fi saurin toho, amma abokan gāba daban ne: ciyawa mai shaƙe ƙaramin itace, da wuta. Sannan rogo da masara ba sa son inuwa mai yawa, don haka sai an bar tazara, ana kuma rage rassa.

Misalin da ya fi kusa da yanayinmu yana tsallaken kogi, a Kwango Kinshasa. A wani wuri mai suna Mampu, a tudun Bateke gabas da Kinshasa, tsakanin 1987 da 1993 an dasa hekta 8,000 na wani irin akasiya mai saurin girma a kan ƙasa mai yashi. Daga baya aka raba wa iyalai, kowane gida hekta 25. Kowace shekara gida yakan sare yanki ɗaya ya yi gawayi, ya shuka masara da rogo a wurin. Shi wannan itace danginsu ɗaya da wake da gyaɗa, saiwarsa na ƙara wa ƙasa ƙarfi, ƙwayarsa da ta zube kuma takan tsiro da kanta bayan an ƙona sassabe. Kafin a zagayo kan yankin farko, ya sake zama daji. Ga gawayi, ga abinci, ga zuma, kuma ba a taɓa tsohon kurmi ba.

Ka'idar kenan: a raba, a zagaya. Ita ce kuma doka ta ɗora wa manyan kamfanonin katako a ƙasarmu. Dokar daji ta 17 ga Oktoba 2008 ta wajabta wa mai lasisi tsarin aiki: a ƙirga itatuwa, a kasa dajin kashi-kashi, a sari waɗanda suka kai kauri kawai, a bar masu ba da iri, kada a dawo wuri ɗaya sai bayan shekara 25 zuwa 30. Dokar ta kuma yarda al'umma ta nemi daji nata na kanta. A 2019 aka miƙa irin wannan daji na farko ga ƙauyuka uku a Lobaye: Moloukou, Moale da Lokombe. Ƙasarmu ta sa hannu da Tarayyar Turai a 2011 kan yarjejeniyar tabbatar da halaccin katakon da ake fitarwa. Ta kuma yi alkawarin farfaɗo da hekta miliyan 3.5 nan da 2030, cikin shirin AFR100 da aka ƙaddamar a 2015 don raya hekta miliyan 100 a Afirka. Alkawari a takarda yake. Cika shi sai da hannuwa, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

6. Mu me za mu iya?

A madafa. Wannan na iyayenmu mata ne da mu da ake aika mu hura wuta. Murhun duwatsu uku yawancin zafinsa iska ce ke kwashewa. Murhu mai tattali, wanda aka lulluɓe cikinsa da yumɓu, yana iya rage kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ake ƙonawa. A lissafinmu na ɗazu, kilo 1,700 na itace kenan gida ɗaya ya bar wa daji a shekara, kuɗin kuma ya zauna a aljihu. A rufe tukunya. A jiƙa wake tun dare. A tare iska. A gama yanke-yanke kafin a hura wuta. In an sauke, a kashe garwashin a ajiye don gobe. Garin gawayin da ake sharewa a zubar, in aka kwaɓa shi da ɗan kunun rogo aka cura aka shanya, yana ci sarai. Kuma don Allah kada a shigar da garwashi ɗaki a rufe ƙofa, yana fitar da iska mai kisa wadda ba ta da wari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida yana kashe kimanin mutum miliyan 3 a shekara.

A kasuwa. Iyayenmu masu sayar da katako da gawayi suna da ƙarfin da mu ba mu da shi, domin mai kawo kaya yana jin maganar mai saye. Ku tambaya daga ina kayan suka fito, da takarda ko babu. Ku fifita gawayin da ya bushe, daga wanda ke shanya itace kafin ya ƙona, yana kuma kula da ramin, domin irin wannan ya fi samun gawayi daga itace kaɗan. Masu harkar shanu kuma, ku isar wa 'yan'uwa da ke daji: a sassabi reshe don dabba, kada a gille kan itacen, kuma wutar ƙarshen rani ita ce mafi ɓarna.

A gona. Duk wanda ke da fili a hanyar Damara ko Boali ko Mbaïki, ko yake ba wani jari ya yi noma, ya gwada sassabin zamani ko a kusurwa ɗaya ce. Kasiya, tek da malaina duk suna toho bayan sara. A share layin kariya a kewaye kafin rani. Kada a taɓa itatuwan bakin rafi.

A makaranta. Ledojin ruwan da ke toshe mana kwata za su iya zama wurin raino. A huda gindin, a cika da ƙasa da ruɓaɓɓen taki, a sa ƙwallon mangwaro, piya, lemo, gwaiba ko zogale. Ƙwayar kasiya mai tauri ce, a jiƙa ta cikin ruwan zafi ta kwana kafin a shuka. Dashe kuwa sai ruwa ya zauna sosai, wajajen Mayu da Yuni. Rami kamar kamu biyu zurfi, kamu biyu faɗi. A cire ledar gaba ɗaya, kada a fasa ƙasar da ke jikin saiwa. A nisanci bango, masai da wayar lantarki. A yi masa shinge, don akuyar Kilomita Biyar ba ta san hakkin maƙwabci ba. Abin da ya fi komai: kowane itace ya kasance da sunan mai shi. Dasawa rana ɗaya ce, raino shekara biyu ne. Saboda haka a ƙarshen shekara kada a tambaye mu nawa muka dasa, a tambaye mu nawa suka rayu. Itace goma masu rai sun fi ɗari da aka ɗauki hoto da su aka watse.

Ga masu tunanin gaba kuma, wannan fanni ne na karatu. A Mbaïki akwai cibiyar koyar da raya karkara ta Jami'ar Bangui, inda ake koyon noma da aikin daji, kuma kusa da nan, a Boukoko da La Lolé, tun 1982 masana suke auna girman itatuwa ɗaya bayan ɗaya don sanin yadda kurmi ke murmurewa bayan sara. Ba laifi a ce wata rana a cikin masu awon akwai ɗa ko 'yar wannan makaranta. Wangari Maathai ta Kenya da matan ƙauye ta fara dashe a 1977, a 2004 ta karɓi lambar Nobel ta zaman lafiya.

7. Tambayoyin bita

(a) Kawo abubuwa huɗu da daji ke yi wa mutumin birni.
(b) In gida yana ƙona kilo 3 na gawayi kullum, itace kilo nawa ya ci a shekara, bisa lissafin kilo 7?
(c) Me ya sa tohon kututture ya fi sabon dashe saurin girma?
(d) Me ya sa mutanen Maraɗi da yawa suka sare itatuwansu da rabon abinci ya ƙare, kuma me ya sa daga baya suka riƙa bari da kansu?
(e) Aikin gida: ka tambayi mai kawo muku gawayi daga wane ƙauye yake ɗauko shi, kuma shekara goma da suka wuce daga ina yake ɗaukowa. Ka rubuta amsar ka kawo aji, mu haɗa mu zana taswira a allo.

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ta fi muhimmanci. A yi ta cikin ladabi, a gaishe shi, a ba shi ruwa in da hali, domin shi ya san hanyar fiye da kowa a cikinmu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu ma tun muna kan benci ya kamata mu saba. Damina mai zuwa kowane aji ya fito da ledojinsa.